Malam Tsaf da Idon Tagulla

Sunan Tsaf ba iyayensa ne suka raɗa masa ba. Masu zuwa ɗaukar hoto ne suka liƙa masa, don ba ya miƙa wa mutum hotonsa sai ya ɗaga shi wajen haske ya ce, "Ka gani? Tsaf!" Kuma gaskiyarsa ne. Idan Malam Tsaf ya ɗauke ka, kana iya ƙirga zaren wuyan rigarka, ka ga tabon da ƙyanda ta bar maka tun kana goye, har ƙurjin da ka yi ta ɓoyewa da hula sai ya leƙo ya gaishe ka. Shi a wurinsa wannan shi ne aiki, duk abin da ya gaza haka ɓarnar fim ne.

A shagon mahaifinsu ya tashi, shi da ƙaninsa Auta, wanda ya ba shekara tara. Shagon ɗaki biyu ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran takalma da kantin magani. Na gaba shi ne wurin ɗauka, da babbar taga, da labule ruwan toka, da kujera ɗaya marar hannu. Na baya ɗakin wankin hoto ne, mai jan ƙwan lantarki da warin sinadarin da ba ya barin rigar mutum. Kyamarorinsu irin na da ne, akwatin katako a kan ƙafa uku, cikinsa yana naɗewa kamar zugazugin maƙeri. Mai ɗauka yakan lulluɓa da baƙin mayafi, ya hango mutum a kife a jikin allon gilashi, ya saita, sannan ya zura fim falle guda mai faɗin shafin littafi. Falle ɗaya hoto ɗaya ne, in ka kuskure sai dai ka nemi wani.

Da tsohon ya rasu, aka zo rabon kayan aiki. Kyamara biyu ce, kowa ya ɗauki ɗaya, babu gardama. Inda zaɓi ya shigo shi ne gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamarar, wanda su a gidan suke kira ido. Ido biyu ne. Ɗaya baƙi ne sumul, tsohon ya saye shi a ƙarshen rayuwarsa. Ɗayan na tagulla ne, ƙato, ya girmi tsohon kansa, shi ma gadonsa ya yi a wurin maigidan da ya koya masa sana'a. Ba ya da makunni, sai wata hular fata a bakinsa da ake cirewa haske ya shiga a mayar. In ka leƙa ta cikinsa, fuskar mutum kan fito da laushi, haske yana ɗan zubowa ta gefen kumatu da goshi. Malam Tsaf ya daɗe da yanke masa hukunci: yanar ido ce ke damunsa.

Da yake shi ne babba, shi ya fara zaɓa. Ya ɗauki baƙin, ya tura wa Auta na tagullar. Har ya ɗan ji nauyi a ransa, ya ƙara masa da labule ɗaya da faranti biyu na wanki, don kada a ce ya cuci maraya.

Auta ya kama wani ɗaki a saman bene a ƙarshen titin. Shekara da shekaru ba wanda ya san da shi sai 'yan tsiraru. Malam Tsaf kuwa shi ne mai gari. Fasfo, katin shaida, 'yan makaranta a jere, hoton gini da za a kai kotu, duk a hannunsa suke. Ya yi aure, ya samu wata ma'aikaciyar asibiti wadda kowa ke kira Nas, har shi ma ya bi sahu. Suka haifi 'ya'ya huɗu, suka girma suka watse. Duk shekara sai ya zaunar da ita ya ɗauke ta, ta karɓa ta ce an gode, ta ajiye a akwati.

Sai waya ta zo. Kowane mai hannu ya zama mai hoto, kuma wayar nan marar kunya tana fitar da zaren riga ita ma. Kujera marar hannu ta fara yini ba a zauna mata ba. Malam Tsaf yakan fito da benci ya zauna a ƙofar shago, daga nan kuma, abin takaici, ana hango matattakalar benen Auta sarai. Yana zaune zai ga mota ta tsaya, dattijuwa ta fito da jikokinta sun hau. Gobe wasu ma'aurata ne, jibi wani malamin jami'a da gemunsa. Mutane suna jiran layi mako uku don a ɗauke su da ido mai yana, saboda shi ne abin da wayarsu ta kasa yi musu.

Kishi ne ya kama shi, kishi tsagwaronsa, ko da yake shi gyara kayanka yake kiransa. Duk wanda ya tsaya gaisawa sai ya ja shi da zancen.

"Wannan ai ba hoto ba ne, ƙarya ce aka sa wa firam," in ji shi ga mai gyaran takalma. "Mutum ya biya kuɗinsa a ɗauke shi kamar ana leƙensa ta bayan tukunyar ruwan zafi?"

Mai takalma ya ce, "To ai ni na ga na surukata, wallahi sai da na ji kamar in so ta."

Malam Tsaf ya ja tsaki ya ɗauke bencinsa ya shige ciki. Ba ya gaba da Auta, a'a. Suna gaisawa, suna zuwa wa juna duba marar lafiya. Amma bai taɓa hawa benen nan ba, kuma in zai je kasuwa ta ɗaya titin yake zagayawa, wai ya fi inuwa.

A shekarar da Nas ta yi ritaya abin ya shigo masa har ɗaka. Ya dawo cin abincin rana, ya shiga ɗakin kwanansu zai ajiye hula, sai ya ga hoto a bango, saitin gado. Ita ce. Tana zaune ta ɗan karkata, haske ya kwanta a gefen fuskarta, furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali tana walƙiya. Ba a ɓoye shekarunta ba, suna nan, sai dai sun yi mata kyau. Idanunta kuma suna kallon mutum kai tsaye, kamar yanzu ta gama jin wata magana mai daɗi tana shirin ba da amsa. Ya tsaya da hula a hannu. Shekara talatin da shida yana zaune da matar nan, rabon da ya ga wannan fuskar tun suna zance a ƙofar gidansu.

Bai buƙaci duba sa hannun da ke ƙasa ba, amma ya duba.

"Nas!"

Ta shigo tana goge hannu a zane. "Lafiya, Malam?"

"Wannan fa?"

"Oho. 'Yan wurin aikinmu ne suka ce suna son hotona su rataya a ofis. Su suka kai ni wurin Auta. Shi ne ya wanke biyu ya ba ni ɗaya."

"Suka kai ki. Ƙafarki ciwo take? Ba ki san hanyar shagon mijinki ba?"

"Kai, Malam. Ƙaninka ne fa, ba wani bare ba."

"Hoto nawa na ɗauke ki a gidan nan?"

"Da yawa."

"Wanne kika taɓa ratayewa?"

Ta dubi bangon, ta dube shi, ta ce, "Abinci zai huce." Ta fita abinta.

Ya ci abincin, amma bai san me ya ci ba. Abin da ke cinsa ba wai ta hau bene ba ne. Hoton ya yi kyau, shi ne ciwon. Kwana goma yana farkawa ya tarar da aikin ƙaninsa yana kallonsa, matarsa tana yi wa wani fuskar da ba ta yi masa. Bai ce a cire ba, girmansa ya wuce nan. Ya dai ƙudurce a ransa cewa sai ya ɗauke ta hoton da ita da hannunta za ta rataya a bangon nan, ko da shi ne aikinsa na ƙarshe. Kuma ya san inda sirrin yake. Ba Auta ba ne, yaron da shi ya koya wa riƙe ƙafar kyamara. Idon ne.

Ranar sha ɗaya ya shafa wa idonsa toka ya hau benen. Auta, wanda shi ma furfura ta fara cin gemunsa, ya miƙe da sauri har ya kusa ture fitila.

"Yaya! Yau kai ne a samanmu? Allah ya sa lafiya."

"Lafiya lau. Idon Baba na zo dubawa. Na san halinka da rashin kula, kada ya yi tsatsa a hannunka. Ba ni shi kwana biyu in goge."

Auta ya yi murmushi. Ya kwance idon daga kyamara, ya naɗe shi a tsumma mai laushi. "Yaya ya Anti? Ta ce hoton ya yi?"

"Ban tambaye ta ba."

"To. In za ka gwada shi, Yaya, abu ɗaya ne. Wannan zoben na gefe, ka bar shi a buɗe. In ka..."

"Kai Auta. Ina wanke fim kana tsotsar yatsa. Ni za ka karanta wa zobe?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Yaya."

Ya sauko da idon a ƙirjinsa, yana mamakin nauyinsa.

Fim irin na babbar kyamara yanzu ba a samunsa a gari, sai an yi odarsa daga nesa, a jira wata da watanni. Falle biyu suka rage wa Malam Tsaf, a cikin kwali a ƙasan firij, kusa da robar ruwa. Ya ce wa Nas ta shirya ranar Asabar da safe, ta sa kayan da ta sa wancan karon. Ta ɗaga gira.

Ta zauna a kujera marar hannu. Ya ɗaura idon tagulla, ya shiga ƙarƙashin mayafi, sai ga ta a kife a jikin allon, haske yana zagaye ta. Ashe haka abin yake daga ciki. Ya daɗe yana murɗa ƙusar saiti gaba da baya, yana neman inda gashin ido zai tsaya cak, ya rasa, don wannan idon ba ya tsayawa wuri ɗaya. Daga bisani ya haƙura. Ya fito, ya rufe hular fata, ya zura fim, ya zare marfin da ke kare fim ɗin daga haske.

"Ɗaga haɓa. Kafaɗa baya. Kar ki motsa. Kar ki yi numfashi."

Ya cire hular, ya sunkuyar da kai kan agogon hannunsa, ya ƙirga daƙiƙa takwas, ya mayar.

A ɗakin wanki ya tsaya yana jijjiga faranti, zuciyarsa tana bugawa kamar ta sabon ɗan koyo. Da hoton ya fito a takarda ya kai shi wajen taga. Tsaf! Kowace tamoji a wuyanta, kowane zare a ɗankwalinta, har ɗan tabon allurar rigakafi. Hoton Malam Tsaf ne sak, irin wanda ya saba, babu laushi ko na sisi.

Abu na farko da ya zo masa shi ne yaron nan ya yaudare shi, ya ɓoye na gaskiyar ya ba shi wani. Har ya sa takalmi zai koma bene ya yi ta ta ƙare. Da zai wuce ta gaban kyamarar sai idonsa ya faɗa kan zoben. Zoben nan shi ke buɗe ƙofar haske ko ya tsuke ta, kuma yana nan a tsuke, a kan lamba talatin da biyu. Ya tsaya ya zuba masa ido. Bai tuna lokacin da ya murɗa shi ba. Shekara arba'in ke nan, duk sanda ya fito daga mayafi, yatsunsa kan tsuke zobe kafin ya taɓa fim, don ta haka ake samun hoto ya fito ras daga hanci har kunne. Hannun ya yi aikinsa ba tare da ya nemi izini ba, kansa kuma ya lissafa daƙiƙa takwas ɗin da suka dace da shi.

Ya cire takalmin ya zauna a kujerar masu hoto. Laushin idon tagulla a gefen gilashinsa yake, sai an buɗe zoben haske ke bi ta nan. In aka tsuke, ya zama mai kaifi kamar kowane ido. Wato babu wata yana. Wanda ya ƙera shi da gangan ya yi shi haka, kuma yana iya aikin da baƙin ke yi, ya ƙara da wanda baƙin ba zai taɓa iyawa ba. Shi ne aka ba zaɓin farko, ya ɗauki ƙaramin, har ya bi Auta da labule da faranti don tausayi. Da ya tuna farantan nan biyu sai ya ji kamar ya haɗiyi zuciya.

Da ya koma gida Nas ta ce, "Ina hoton?"

"Fim ɗin ne ya lalace. Asabar mai zuwa za mu sake."

"Ni dai ƙafata ta gaji da wannan kujerar taka."

"Sau ɗaya ne ya rage."

Wannan karon bai yarda da hannunsa ba. Ya buɗe zoben har ƙarshe, ya naɗe shi da salatef zagaye uku. Ya ja rabin labulen taga don hasken ya ragu, ya yi lissafi ya ga daƙiƙa biyu sun isa. Ya saita a kan ƙwayar idonta, ya bar sauran yadda ya ga dama. Falle na ƙarshe ya shiga. Ya ce kar ta motsa, ya cire hula, ya sunkuya kan agogo, ɗaya, biyu, ya mayar.

Hoton ya fito. Kai, ya fito! Hasken nan ya kwanta a kumatunta, ɗankwalin ya yi taushi, furfurar tana walƙiya. Ta fuskar aiki ma ya fi na Auta, don Auta bai taɓa iya wanki kamar yayansa ba, baƙinsa kullum yana ɗan yin toka. Malam Tsaf ya buga shi sau huɗu kafin ya gamsu. Ya kai wa mai firam ya tsaya a kansa har aka gama. A hanya ya biya ta kantin kayan gini ya sayi ƙusa ɗaya ya jefa a aljihu.

Ya same ta a ɗaki tana ninke wanki a kan gado. Ya miƙa mata, yau ko "Tsaf" ɗin nan nasa bai faɗa ba. Ta goge hannu ta karɓa, ta matsa kusa da taga, ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau, Malam. Sannu da aiki."

Ta jingine shi a kan tebur, fuskarsa tana kallon bango don kada ƙura ta hau, ta koma kan wankinta.

Ya ce, "Shi ke nan?"

"Na ce ya yi kyau."

"Ido ɗaya ne, Nas. Kaya ɗaya, haske ma nawa ya fi. Me wancan ya fi shi da shi?" Ya nuna hoton da ke bango. "Me yaron nan ya ce miki da kika yi masa wannan fuskar?"

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Bai ce komai ba. Ko kar ki motsa bai ce ba."

"To me ya yi?"

"Da ya cire hular nan, ni yake kallo."

"Dole a ƙirga lokaci. In ba a duba agogo ba..."

"Shi a ransa ya ƙirga, ko bai ƙirga ba, oho. Ni dai ya tsaya a gefen akwatin yana kallona har ya mayar. Kai kuwa, Malam, da ka zura fim sai ka sunkuya. Shekara talatin da shida tsakiyar kanka nake kallo a kujerar nan. Na san shi yana da gashi, na ga sanda ya fara zubewa, na ga sanda ya ƙare. To wa zan yi wa fuskar?"

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ɗauki wata rigar ta ci gaba da ninkewa.

Ya juyo da firam ɗin ya sake dubawa. Sai yanzu ya ga abin da bugu huɗu bai nuna masa ba, don shi baƙi da fari yake dubawa. Idanunta ba su kallon mai kallon hoton. Sun ɗan sauka ƙasa, gefen dama, daidai inda kansa yake sunkuye, kuma a cikin duk wannan laushi da haske tana zaune ne kawai tana jira ya ɗago.

Ya sa hannu a aljihu, ƙusar ta soke shi a yatsa. Dama ya yi niyyar tambayarta inda guduma take. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin da firam a hannu, bai tambaya ba.